Mekace da Littattafan Ɗansa

A masaƙar da mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki, ba mai kiransa da sunansa. Mekace ake ce masa. In ka yi masa magana sai ya karkato kai, ya kara tafin hannu a bayan kunne, ya ce, "Me ka ce?" Injinan saƙa ɗari da ashirin ne a zaure guda, shi ne makanikensu, kuma su suka cinye masa kunnuwa a hankali kamar yadda gara ke cin katako. Na hagu ya mutu murus tun kafin a haife ni. Na dama ya rage ɗan kaɗan, wanda Mama ke cewa ya ajiye shi ne don jin abin da ya ga dama.

Gajere ne, mai faɗin hannu. Kullum yakan dawo gida da burbushin auduga a gira da gashin kai, har ina ƙarama na ɗauka furfura ce da ake wankewa. Abokan aikinsa sun ce in inji ya fara ciwo, ba ya buƙatar ji. Tafin hannu zai ɗora a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, ya ce bel ne ya saki, ko wata ƙusa ce ta kwance a ciki. In aka buɗe, haka za a tarar.

Abin da mutane ba su gane ba game da irin kurumtarsa shi ne, magana ce ta ɓace masa, ƙara ba ta ɓace ba. Murfin tukunya in ya faɗi sai ka ga ya runtse ido kamar an mare shi. Don haka gidanmu, ɗaki biyu da falo a hawa na uku na gidajen ma'aikata, gidan shiru ne. A cikin wannan shirun Allah ya ba shi ɗa mai son kiɗan rok.

Yayana ya girme ni da shekara bakwai. Siriri ne dogo, abokansa na kiransa Tsirkiya tun kafin ya taɓa riƙe jita. Yana shekara goma sha biyar wani abokinsa ya ba shi tsohuwar jita mai amfani da lantarki, daga nan kuwa ba a sake samun kansa ba. Irin kiɗan nan ne da jita ke kururuwa, ganga na dukan ƙirji, mawaƙi na ihu kamar an taka masa ƙafa. A kunnen Baba ba shi da maraba da zauren injinan da ya baro, sai dai wannan ya biyo shi har gida.

Da Yaya ya gama sakandare, Baba ya roƙa masa gurbi a ɗakin gyara na masaƙa. Yana da hannu, kowa ya shaida. Wata takwas ya yi ya ajiye. Ba a yi wata babbar rigima ba. Baba dai ya daina kallonsa in yana magana, wanda ga mutumin da ke karanta leɓe daidai yake da toshe kunne. Yaya ya koma wani ɗaki a saman shagon masu facin taya tare da abokan kiɗansa. Da rana yana kai saƙonni a babur, ƙarshen mako su yi wasa duk inda aka gayyace su. Yakan zo gida ya ci abincin Mama, ya tsokane ni, ya gaida Baba daga bakin ƙofa. Haka aka yi shekara tara.

Wata Asabar da hantsi, bayan Baba ya yi ritaya, Yaya ya hauro bene da wani baƙin akwati a kafaɗa, irin wanda ake jona jita a jikinsa ya ƙara mata sauti. Ya dire shi a tsakiyar falo yana haki.

"Baba, don Allah ka duba min wannan. Jan mutum yake yi. In leɓena ya taɓa makirufo sai in ji kamar an soka min allura."

"Me ka ce?"

Yaya ya durƙusa ta gefen dama ya maimaita da ƙarfi. Ina zaune ina gugar kayan aikina, na ga yatsun Baba sun motsa a kan gwiwarsa. Hannun nan ba ya iya ganin abu ya lalace ya ƙyale. Amma sai ya dunƙule shi.

"Wata takwas na yi ina koya maka. Da ka tsaya, da yanzu kai za ka gyara abinka."

"Haba Baba, minti biyar ne fa a wurinka."

"Ni ba na gyaran kayan hayaniya."

Yaya ya yi dariya, irin dariyarsa ta wanda ya saba. Ya ce da Mama, "Kin ga tsohon nan naki ko? Sai na yi suna zai zo yana cewa ɗana ne." Ya ci abinci, ya saɓa akwatinsa ya sauka.

Bayan wata goma sha huɗu aka gayyace su wasa a filin wata kwaleji da la'asar. An yi ruwa an ɗauke, dandamalin bai gama bushewa ba. A waƙa ta uku ya kama makirufo da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kan wayoyin jita. Ya sandare, ya faɗi. Waɗanda ke baya suka yi ta tafa hannu, sun ɗauka cikin wasan ne. Shekararsa talatin da ɗaya.

Dogo, mai yi musu ganga, shi ya zo faɗa. Ya tarar da Baba a kan matakala yana saukowa da kwandon shara. Ya faɗa a hankali, Baba ya ce me ka ce. Ya faɗa da ɗan ƙarfi, kuka ya murɗe masa baki, Baba ya kasa karanta leɓensa. A karo na uku sai da ya yi ihu. Duk benen ya ji mutuwar Yaya kafin ubansa ya ji.

Ban ga hawayen Baba ba, ba a ranar ba, ba a makonnin da suka biyo baya ba. Masu zuwa gaisuwa na magana, yana gyaɗa kai. Da ƙafa ta ɗauke, Dogo ya kawo kayan Yaya a kwali biyu: tufafi, jitar, wayarsa, da littattafai goma sha ɗaya.

Wayar ce Baba ya fara nema. Ya ce in sa masa waƙar da suka ɗauka. Na saka masa abin ji a kunnen dama na ƙure ƙara. Ya zauna ya dafe gwiwa, fuskarsa na yamutsewa saboda zafi, amma bai cire ba.

"Auta, yanzu yana waƙa?"

"Yana yi, Baba."

"Ni ruwa nake ji a kan kwano." Ya ɗago ya dube ni. "Muryar da daɗi?"

Na ce da daɗi. Ya cire abin, ya naɗe wayarsa a tsanake kamar yadda yake naɗe kowace waya, ya miƙo min. Bai sake nema ba.

Littattafan na Turanci ne, masu kauri, duk na hannu, wasu bangonsu ya yage. Kowanne tarihin rayuwar wani makaɗin rok ne da ya rubuta da kansa. Turancin Baba na takardun inji ne: ya san yadda ake cewa a kwance, a ɗaure, a zuba mai. Wata safiya na fito zan tafi kantin maganin da nake aiki, na same shi a kujerar bakin taga da tabarau, littafi a cinya, tsohon ƙamus ɗina na makaranta a hannun kujera.

"Baba, me kake yi?"

"Tunda ba zan ji abin da ya ji ba," in ji shi, "bari in ga abin da ya gani."

Shafi ɗaya kan ci masa awa guda. Daga ya sha shayi zai zauna, ba ya tashi sai rana ta bar tagar. Littafin farko wata biyar ya ɗauke shi. Sunayen marubutan sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Ɗan Mahauci, akwai Mai Gashi, akwai Sau Huɗu, wanda ya bar shaye-shaye sau huɗu. Yakan ba mu labarinsu a kan abinci kamar maƙwabta ne.

"Ɗan Mahauci ya sake rabuwa da matarsa."

"Allah ya shirye shi," in ji Mama, ba tare da ta ɗago ba.

Ranar da ta leƙa hotunan tsakiyar wani littafi ta ga ƙarti ba riga, gashi har gadon baya, sai ta riƙe haɓa. "Maigida, da tsufanka?" Wani lokaci kuma ya nuna min kalmar da babu a ƙamus, in duba in ji kunya ta kama ni, in ce ban sani ba. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "To, na gane." Waɗannan su ne 'yan dariyar da muka samu a shekarar farko, kuma ba su da yawa.

A littafi na uku ya gano wani abu. Ya ce duk mutanen nan da ubansu suke farawa. Wannan ubansa ya fasa masa jita, wancan nasa ya tafi ya bar su, wani kuma nasa bai taɓa zuwa kallonsa ba sai da ya cika fili da mutane. Daga nan karatun Baba ya sauya. Yaya mutum ne mai ja wa littafi layi da fensir, yana rubutu a gefe. Baba ya ajiye karatu a jere, ya bi littattafan goma sha ɗaya yana buɗe babin uba a kowanne, yana ɗaga shafi ga hasken taga ko zai ga alamar fensir.

Babu. Yaya ya ja layi a inda aka yi bayanin kaurin wayar jita. Ya ja a inda wani ya faɗi yadda yake haɗa amshi. A wani wuri ya rubuta "ƙarya kake" da dariya a gefe. Amma shafukan uba fes suke, kamar ba a taɓa buɗe su ba.

"Ko layi ɗaya," in ji Baba. "Ko na zagi."

"Wataƙila don bai riƙe ka a zuciya ba ne, Baba."

"Ko kuwa ya cire ni ne gaba ɗaya."

Mama ba ta taɓa karanta ko shafi ba. Ita rigarsa guda ta ɗauka ta sa a ƙarƙashin matashinta, shi ke nan. Ba ta yi wa Baba gori ba, ko sau ɗaya, a inda zai ji. Amma wata rana tana share falo, ta zo daidai kafaɗarsa ta hagu, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce a hankali, "Yana raye ba ka karanta fuskarsa ba, yanzu ka zauna kana karanta 'ya'yan wasu." Ta ci gaba da shara. Shi kuwa ya juya shafi. Ni kaɗai na ji, kuma ta san na ji.

A littafi na shida ne ya ci karo da abin da nake tsoro. Marubucin ya ba da labarin yadda makirufo ya taɓa jansa ya yar da shi a ƙasa, ya tashi da ƙonannen leɓe. Wai wani ma'aikacin wurin ya buɗe akwatin sautin, ya tarar wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa ce ta tsinke, ya ɗaure ta kafin a gama shan lemo. Marubucin da raha ya ba da labarin. Baba ya rufe littafin, ya ɗora ƙamus a kai. Mako biyu kujerar taga ba kowa. Yana kwance yana kallon silin.

Ranar da ya tashi, ya sa rigarsa ta fita ya ce in raka shi wurin Dogo.

Ɗakin da suke gwaji wani tsohon sito ne a bayan shagon facin tayar, an manna katifu a bango don rage ƙara. Wayoyi ko'ina a ƙasa kamar an zubar da igiyoyi. Dogo ya miƙe da sauri, ya share masa kujera. Baba bai zauna ba.

"Akwatin da ya kawo min. Shi ne?"

"A'a, Baba. Wancan ya daɗe da sayar da shi. Na ranar na masu taron ne."

"Dube ni ka faɗa."

Dogo ya dube shi, ya sake faɗa, kalma bayan kalma. Baba ya daɗe yana kallon bakinsa. Sannan ya ce to, ya gode.

A hanyar komawa, muna jiran mota, ya ce, "Yaron kirki ne. Ko da shi ne, haka zai ce."

Ni ma abin bai bar ni ba. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai na ce Dogo ya gaya min tsakani da Allah. Ya zauna a kan kujerar gangarsa ya riƙe kai. Ya ce, "Auta, akwatunan nan duk baƙaƙe ne. Ya ce zai sayar, ban san ko ya sayar ba. Ranar kuma da muka dawo daga asibiti an kwashe komai. Wallahi ban sani ba." Wannan maganar ban taɓa kai wa Baba ba. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Asabar ta gaba Baba ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita bai ce da kowa komai ba. Dogo ne ya kira ni ya ce ga Baba a sito yana kwance musu soket. Tun daga ranar, duk Asabar da hantsi yana can. Ya bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe kowane akwati, ya canza abin canzawa. In za su fita wasa, sai ya riga su zuwa ya gwada wutar wurin da sukudirebansa mai fitila. Akwai ranar da ya hana su hawa wani dandamali, mai taron ya yi ta faɗa, Baba ya juya masa kunnen hagu ya ci gaba da naɗe waya. Labari ya bazu, wasu makaɗan ma suka fara kawo nasu. Ba ya karɓar komai, ba ya kuma hira.

In sun fara kiɗa yakan toshe kunnen dama da auduga, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin sauti, ya lumshe ido. Na taɓa tambayarsa me yake ji. Ya ce ganga yana jinta, babbar jita mai kauri ma yana jinta har a haƙori. "Amma irin tasa, siririyar, ba ta zuwa hannu." Sun ɗauki wani sabon mai jita a gurbin Yaya. Baba bai taɓa kallon fuskarsa ba, amma wayar jitarsa sau biyu yake dubawa.

Ya koma karatu. Shekara huɗu da 'yan watanni ya yi kafin ya rufe na goma sha ɗaya. A lokacin tarin da ya kwaso daga ƙurar auduga ya fara cin ƙarfinsa, hawa bene sai ya huta sau biyu. Na tambaye shi ko in nemo masa wasu, don na ga irinsu a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Ya girgiza kai.

"Na gane dabararsu, Auta. Duk waɗannan tsufa suka yi. Sun yi haukarsu, sun yi faɗa da iyayensu, sun rayu har suka huce, sannan suka zauna suka rubuta. Wanda ya tafi da wuri ba shi da littafi."

Ya ce in sayo masa littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Na sayo. Ya ci gaba da zaman taga da safe, sai dai yanzu biro ne a hannunsa. In na matso sai ya rufe. Bayan wata bakwai numfashi ya gagara, muka kai shi asibiti. Kwana tara ya yi. Ya rasu da safe, Mama na riƙe da hannunsa, ni na sauka karɓo magani.

Sai da aka yi wata guda na iya buɗe littafin. Shafi arba'in da biyu ne, da Hausa, da rubutunsa mai tsayuwa irin na cike takardar aiki. Tarihin Yaya ne. Ya rubuta ranar haihuwarsa da nauyinsa, da yadda shi Baba ya baro aiki da mai a hannu, nas ta hana shi ɗaukar jaririn sai ya wanke. Ya rubuta haƙorin farko. Ya rubuta yadda yana shekara shida ya kwance rediyon Mama gaba ɗaya, ya jera ƙusoshin bisa girmansu a kan tabarma, shi Baba kuma ya yi kamar zai yi faɗa alhali daɗi ne ya cika shi. Zazzaɓin da ya kusa kashe shi yana shekara tara ya ci shafi biyar. Akwai abubuwan da ko Mama ta manta, kamar launin takalminsa na fara makaranta. Kowace shekara da takenta a saman shafi, an ja mata layi da rula.

Shekara ta goma sha huɗu rabin shafi ce. A shafi na gaba ya rubuta taken, ya ja layi: Shekara goma sha biyar. A ƙasa kalma uku ne kawai: A tambayi Dogo.

Na kai wa Dogo littafin a sito. Ya karanta a tsaye, ya juya min baya ya daɗe yana gyara wani abu a jikin gangarsa da bai lalace ba. Ya ce in bar masa, zai cike. Shekara biyu ke nan. In mun haɗu yakan ce ya fara, ya yi shafi uku, sai ya rasa ta inda zai bi. Ni kuma ba na matsa masa. Mama ta ce in karɓo mata abinta haka nan, ko ba a cike ba, tana son ta riƙa ganin rubutun. Na ce mata to, amma har yanzu ban je ba.